Yaran da Ake Ɓoyewa a Ɗaki: Naƙasar Fahimta da Aikin da Ke Gabanmu

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan waɗansu mutane da ke cikinmu, waɗanda ba a cika lissafa su ba. Idan muka shiga ƙauye muka ce a ƙirga mana naƙasassu, nan da nan za a ambaci makafi da kurame da guragu. Da wuya a tuna da yaron da ya kai shekara bakwai bai fara magana ba, ko yarinyar da ta yi shekara uku a aji ɗaya ba ta iya rubuta sunanta ba, ko saurayin da har yanzu sai an ɗaura masa wando. Irin waɗannan sukan kasance a ɗaki sa'ad da baƙi suka zo, a ɗaki kuma ranar Lahadi sa'ad da kowa ya tafi sujada. Masana sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum 1 cikin 100 yana da wannan naƙasa. Ke nan ƙauye mai mutum 1,000 ba zai rasa kamar mutum 10 ba.

Mece ce naƙasar fahimta?

Naƙasar fahimta ita ce a ga mutum yana da jinkiri wajen koyo da ganewa, yana kuma shan wuya wajen ayyukan yau da kullum kamar wanka, sa tufafi, ƙirga kuɗi da zuwa aike. Tana farawa tun ana yaro, domin ƙwaƙwalwa ta sami matsala tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun farko. Tana da mataki mataki. Mafi yawan masu ita nasu mai sauƙi ne: suna iya noma da kiwo da sana'ar hannu, waɗansu har su yi karatu kaɗan su riƙe gida. Kaɗan ne daga cikinsu za su buƙaci a kula da su dare da rana.

Sau da yawa ana haɗa ta da taɓin hankali, alhali abubuwa biyu ne dabam. Taɓin hankali ciwo ne da yakan kama mutum bayan ya girma lafiya, ana ba da magani kuma yakan lafa. Naƙasar fahimta kuwa babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da ita. Abin da ke canja rayuwar mai ita shi ne koyarwa da haƙuri da karɓa. Saboda haka duk wanda ya ce ku kawo akuya ko kuɗi zai warkar da ɗanku cikin mako guda, cin dukiyarku zai yi.

Akwai waɗansu matsaloli da ke tafiya kusa da ita, waɗanda a gidajen rediyo akan haɗa su a kira su galahanga:

1. Daun sindirom. Jikin mutum yana da ƙwayoyin gado 46 a cikin kowane ƙwayar halitta, amma wannan yaro yakan zo da 47. Wani likitan Ingila mai suna John Langdon Down ne ya bayyana kamanninsu a 1866, a 1959 kuma aka gano dalilin a Faransa. Kimanin jariri 1 cikin 1,000 ake haifa haka, a kowace kabila. Jikinsu yakan yi laushi, suna jinkirin zama da tafiya. Kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya, don haka ya kamata likita ya duba su tun suna jarirai.

2. Shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa. Hannu da ƙafa sukan sandare ko su saki, miyau yana zuba, magana tana fita da ƙyar. Ku lura da kyau: da yawa daga cikin waɗannan yara fahimtarsu lafiya lau take. Suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, bakin mayar da amsa ne ba su da shi.

3. Otizim. Yaron ba ya son haɗa ido, ba ya juyowa in an kira sunansa ko da yake yana ji, yana maimaita abu ɗaya, ƙara da hayaniya suna tayar masa da hankali. Waɗansunsu suna da kaifin basira, waɗansu kuma suna da jinkirin fahimta. Allurar rigakafi ba ta jawo shi.

Me ke jawo ta?

Waɗansu dalilan ba su da makawa, waɗansu kuma har likita ba ya iya gane su. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka fi damun mu a karkara ana iya tare su. Rigakafi ya fi magani.

Doguwar naƙuda. Idan jariri ya daɗe a hanya, ko aka haife shi bai yi kuka da wuri ba, ƙwaƙwalwarsa takan rasa iska. Mintoci kaɗan sun isa su yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, maigida kuma ya tanadi kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya tsaya. Kada a bar mace ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida.

Shawarar jarirai. A makon farko a riƙa fito da jariri cikin hasken rana a duba idonsa da fatarsa. Idan ya yi ruwan ɗorawa tun ranar farko, ko launin ya sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar. A can akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta. Ruwan sukari da shanya shi a hantsi ba su isa ba. A kuma daina zuba kafur a cikin kayan jarirai, domin akwai yaran da kafur ke farfasa musu jini ya ƙara musu shawara.

Rashin aidin. Inda ake yawan ganin maƙoƙo a wuyan mata, alama ce ƙasar wurin ba ta da sinadarin aidin. Mai cikin da ta rasa shi tana iya haifar ɗa mai jinkirin girma da fahimta. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya. Ku sayi gishirin leda mai alamar aidin, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da damshi.

Zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙyanda suna iya barin yaro da kurumta ko farfaɗiya ko jinkirin fahimta. Dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000. Yanzu akwai allurar rigakafinsa, a 2024 ma Nijeriya ce ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar na ƙwayar cutar. A cika wa yara allurarsu, a kwana cikin gidan sauro. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga ko wuyansa ya sandare, kada a jira gari ya waye.

Gubar dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gida, waɗanda suka tsira kuma da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Masu haƙar ma'adinai su bar aikin da kayan aikin a daji, su yi wanka kafin su ɗauki yara. Akwai kuma tozalin gargajiya mai ɗauke da dalma, bai kamata a sa wa jariri ba.

Giya da yunwa. Burukutu ko kowace irin giya da mai ciki ta sha tana isa wurin ɗan da ke cikinta. Tamowa kuma a shekaru biyun farko tana hana ƙwaƙwalwa girma. Nono zalla har wata 6, daga nan kunu mai gyaɗa ko waken soya, da ƙwai da ganye.

Abin da ake faɗa a gari

Mun san maganganun da ke yawo. Wani ya ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi zai zama maciji ya koma inda ya fito. Wani ya ce uban ne ya ba da shi don neman arziki. Wani ya ce maita ce, ko uwar ce ta yi zunubi. Waɗannan maganganu sun raba aure, sun sa an kori mata daga gidajensu, sun kuma ci rayukan yara. Yaron da aka bari a bakin rafi yunwa da sanyi da ruwa ne ke kashe shi, wanda ya kai shi kuma ya yi kisan kai a gaban Allah da gaban hukuma. Mu tuna da Yohanna sura 9, inda almajirai suka nemi sanin ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho. Yesu bai ɗora laifin a kan mutumin ba, bai kuma ɗora a kan iyayensa ba.

Haka kuma sunayen da muke kiransu da su: wawa, dolo, gaɓo, soko. Yaron da ya tashi yana jin wannan kullum zai daina ƙoƙari. Kowanne yana da sunan da aka raɗa masa, mu kira shi da shi.

Alamomin da uwa za ta lura da su

Yara ba sa girma daidai da juna, amma a nemi ma'aikacin lafiya idan yaro:

1. ya kai wata 3 ba ya murmushi, ba ya bin abu da ido;
2. ya kai wata 5 wuyansa bai tsaya ba;
3. ya kai wata 9 ba ya zama shi kaɗai;
4. ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya tafiya, ba ya faɗin kalma ko ɗaya;
5. ya daina yin abin da ya riga ya iya.

A roƙi a gwada jinsa da ganinsa tukuna. Akwai yaran da aka yi shekaru ana kiransu wawaye, ashe kunne ne ba ya ji.

Koyarwa a gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar farko ta wannan yaro ita ce tsakar gida, malamansa kuma uwa da uba da kaka da yayye. Ga hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu.

A rarraba aiki ƙanana ƙanana, a fara koya masa matakin ƙarshe. Misali sa wando: ki sa masa ƙafafu, ki ja har gwiwa, ki bar shi ya ƙarasa ja zuwa ƙugu. In ya iya wannan, gobe ki tsaya a idon sawu. Da haka kullum shi ne ke gama aikin, yana kuma jin daɗin ya iya. Haka za a bi wajen cin tuwo da wanke hannu da zuwa bayan gida.

A koya abu ɗaya a lokaci ɗaya, da gajeren umurni, a nuna masa da hannu. Minti goma kowace rana ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. In ya yi daidai a yabe shi nan take. Duka ba ya ƙara fahimta, tsoro kawai yake ƙarawa.

A riƙa yi masa magana ko da ba ya amsawa. Ki faɗi sunan abin da kike riƙe da shi: ludayi, ƙwarya, ruwa. In magana ta ƙi, a yarda da alamar hannu ko nuna hoto. Yawancin fushi da jifa da cizon da ake gani a wurin waɗannan yara, rashin hanyar faɗin abin da ke damunsu ne. Kafin a hukunta shi a duba ko yunwa ce, ko ciwon haƙori, ko wani ne ya tsokane shi.

Yaro mai shanyewar jiki kada a ba shi abinci a kwance, domin yana iya shaƙewa abincin ya bi hanyar huhu. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi kaɗan kaɗan, kunu mai ɗan kauri. A riƙa juya shi, a fito da shi inuwa cikin mutane. Kafinta na gari zai iya yin kujera mai tallafar baya, a kuma kafa gora biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa yana koyon tafiya.

Da yawansu suna da farfaɗiya. Ba a ɗaukar ta ta miyau ko ta taɓawa. In ta tashi a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a kara ƙafarsa a wuta. In ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. Akwai maganinta mai sauƙin kuɗi, amma sai an sha kullum, ba a kuma dainawa sai da izinin likita.

In ya tasa a ba shi aikin da zai zama nasa: ba kaji hatsi, ɓarar gyaɗa, ban ruwan lambu, kiwon awaki tare da ɗan'uwansa. Wanda yake kawo wani abu gida, ana ganinsa da daraja.

Abin da doka ta ce

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Ga kaɗan daga abin da dokar ta ƙunsa:

1. Mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci zai biya tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Kamfani ko ƙungiya kuwa naira 1,000,000.
2. Naƙasasshe yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare.
3. An hana yawo da naƙasasshe don yin bara da shi.
4. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin naƙasassu.

Jihohi da dama sun yi tasu dokar. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta zuwa ƙauye, sai an sami masu ɗaukarta. Idan makaranta ta mayar da yaro gida don wai ba ya ganewa, kada uwa ta koma ita kaɗai. Fasto da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata su raka ta wurin hedimasta cikin ladabi. In ba a daidaita ba, a rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi. A kuma yi wa kowane yaro takardar haihuwa, domin wanda ba a rubuta ba, ba a yin kasafi da shi.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. 'Yan mata masu naƙasar fahimta suna cikin hatsarin fyaɗe ƙwarai, domin mugu ya san ba za su iya ba da labari ba, in sun faɗa ma ba za a gaskata su ba. Sau da yawa kuma mai laifin na gida ne ko maƙwabci. A koya wa yarinya, da yaro ma, wuraren jikin da ba a yarda kowa ya taɓa ba, da wanda za ta gaya wa. In abin ya faru a kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, a kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada dattawa su kashe maganar da 'yan kuɗi don rufin asiri. Haka nan ɗaure mutum da sarƙa ko mari, a gida ne ko a wurin addu'a, zalunci ne.

Inda za a nemi taimako

A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura ku gaba. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jos da Zariya da Maiduguri, suna da likitocin yara da sashen gashin ƙashi da motsa jiki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Jami'ar Jos tana horar da malaman ilimi na musamman, haka ma kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin jin daɗin jama'a, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, wato JONAPWD, tana kuma da rassa a jihohi. Gaskiya ne waɗannan wurare suna da nisa, ma'aikatan kuma ba su da yawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙarfafa a horar da mutanen gari su yi aikin a cikin gari.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar irin wannan yaro takan rasa zuwa gona da kasuwa da biki, wani lokaci mijin ma ya juya mata baya. Ga abin da muke roƙon kowace ikilisiya ta fara a wannan shekara:

1. A zaɓi mutum uku, har da mace da kuma wani daga iyayen yaran, su bi gida gida su san su wane ne, ba tare da tallata kowa ba.
2. Zumuntar mata ta tsara karɓa karɓa, a riƙe wa uwa ɗanta rabin yini a mako ta sami zuwa kasuwa ko ta huta.
3. A buɗe musu ƙofar makarantar Lahadi. In yaro ya yi ƙara cikin sujada kada a harari uwarsa. A ba manyansu hidima, kamar jera kujeru, kaɗa ganga ko miƙa kwanon baiko.
4. A haɗa iyayen su riƙa zama sau ɗaya a wata, su koya wa juna, su yi adashi don kuɗin mota da magani.
5. Maza su sa hannu. Ɗan na uba ne kamar yadda yake na uwa.
6. A zauna da iyali tun iyaye suna da rai a shirya wanda zai riƙe shi bayansu, a rubuta rabonsa na gona da gado a gaban shaidu.
7. A yi amfani da ranar 21 ga Maris ta masu Daun sindirom, da 2 ga Afrilu ta masu otizim, da 3 ga Disamba ta naƙasassu duka, a yi wa jama'a bayani. A bar waɗanda za su iya magana su faɗi abin da suke so da bakinsu.

Tambayoyi don tattaunawa

Muna roƙo a karanta wannan a taron zumuntar mata da na maza da na matasa, a kuma tattauna waɗannan:

1. Mutum nawa masu naƙasar fahimta muka sani a garinmu? Nawa ne cikinsu suka zo sujada a watan da ya wuce?
2. Da wane suna muke kiransu, me kuma muke faɗa game da iyayensu?
3. A cikin dalilan da aka lissafa, wanne ya fi yawa a wurinmu, me za mu yi a kansa kafin damina?
4. Wane ne a cikinmu zai raka uwa zuwa makaranta ko asibiti in bukata ta taso?

Ku ba ma'aikacinmu na yankinku amsoshinku in ya zo zagaye, domin mu san inda za mu fara horar da masu sa kai. Ubangiji ya ba mu ƙarfin yi.